Jinjina ga Masu Renon Kariya

A ƙasar Batsari da Safana, inda ruwa kan yi tsada da bazara, ga kuma tashin hankalin da ya addabi garuruwan bakin Dajin Rugu, duk wadda ta raini fure a tsakar gidanta ta cancanci yabo. Iyayenmu mata, Allah ya saka muku.

Na fi jinjina wa masu renon kariya. Itaciyar nan ta Sahel tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, ta kakkaɓe ganye da rani, sannan ta fesa jajayen furanni lokacin da ciyawa ta ƙone. Gwanar reno takan huda gindin tsohuwar tukunya, ta cika ta da yashi da ɗan taki, ta ajiye inda hantsi ke duka. Ba ta ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe. Da damina ma takan ja ta ƙarƙashin rumfa, don yawan ruwa ke ruɓar da saiwarta. Takan kuma tsare yara, saboda ƙaronta dafi ne.

Darajar kariya ba ta tsaya a nan ba: a Tailan, manoman furanni sun aurar da irinta har ta zama hajar da ake sayarwa don ƙawata barandar benaye a Turai da Amurka.