Famfon Giris na Pressol, Ƙarfen da Ya Dace da Yashin Damagaram

Idan ana lissafin kayan aikin gona da suka cancanci kirari a ƙasar Damagaram, ni dai ba tarakta zan fara ambata ba, ba kuma garma mai faifai ba. Famfon giris zan sa a gaba. Shi ma ba kowanne ba, na hannu mai dogon mariƙi, ƙirar kamfanin Pressol na Jamus, wanda ke cin kartush mai giram 400. Ku yi mini dariya in kun ga dama. Duk wanda ya taɓa ganin tarakta kwance a bakin gona cikin watan Yuli saboda boris ɗaya ya ƙone, ga manoma sun biya kuɗin huɗa suna jiran layi, ga laimar ƙasa tana gudu, to ba da shi za a yi dariyar ba.

Ƙasarmu ta yashi ce. Daga Mirya zuwa Damagaram Takaya, daga nan ka haura Damargu wajen Tanut, jigawa ce take bin jigawa. In ka gangara kudu, koramun Matamai da Magarya inda ake rake da lambu, can kuma laka da ruwa ne ke jiran ƙarfe. Da hunturu ƙura ta cika ko'ina, da bazara zafi ya haura digiri 40. Yashin nan ba ya tsayawa a waje. Yana kutsawa cikin kowace mahaɗa, ya haɗu da tsohon giris, su zama wani irin ƙulli mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Shi ya sa aikin giris a wurinmu biyu ne: ya sa santsi, sannan sabo ya turo tsoho waje tare da dattinsa. Aiki na biyun nan ƙarfi yake so, kuma a nan ne ake bambanta famfon gaske da na kwalliya.

Wayyo, ranar da ka fara riƙe famfon Pressol ɗin nan! Tun daga nauyinsa za ka san ba gwangwani aka naɗe aka shafa wa fenti ba. Bututun ƙarfe ne mai kauri, zaren da ke haɗa shi da kai yana shiga sumul ba ya tsallake, mariƙin kuma ba ya lilo hagu da dama. Ka danna sau ɗaya ka ji yana amsa maka. An ƙera shi bisa ƙa'idar Jamusawa ta DIN 1283, kuma yana tura giris da matsin da ya kai bar 400. Don a gane girman abin, iskar da ke cikin babbar tayar tarakta ta baya ba ta cika kaiwa bar 2 ba. Hikimar kuwa ba wata mai wuya ba ce. Sifirin da ke gindin bututu yana turo giris zuwa kai, can akwai ɗan siririn fistan da mariƙin ke dannawa, da ƴar ƙwallon ƙarfe da ke hana abin da ya fita komawa baya. Dogon mariƙi da siririn fistan, shi ke nan, ƙarfin hannun yaro ya zama na ƙato. Kowane danni ɗan kaɗan yake fitarwa, bai kai giram biyu ba, amma kullum daidai wa daida, don haka kana iya ƙirgawa ka san abin da ka ɗura.

Abin da ya fi kashe ni da shi kartush ne, kuma a nan zan daɗe. Kowa ya san yadda ake sayar da giris tsiraru a kasuwanninmu: a buɗe garwa ko roba, a riƙa ɗiba da ɗan katako ana naɗewa a leda, iska tana kaɗawa, babura suna wucewa suna tayar da ƙura. Makanike ya kawo shi gareji, ya cusa a famfo da yatsun da ya gama kwance taya da su. Wannan giris tun kafin ya taɓa tarakta ya riga ya sha yashi, kai kuma ka biya kuɗi ka ɗura wa borisinka abin da zai cinye shi. Kartush kuwa a rufe yake zuwa daga masana'anta. Ka kwance kai, ka ja sandar baya har ta maƙale, ka cire murfin roba ka zura kartush, ka ɓare marfin ɗaya gefen, ka mayar da kai, ka saki sanda. Hannunka bai taɓa giris ba, iska ba ta gan shi ba. Wallahi duk lokacin da na yi wannan sai na ji wani sanyi a raina. Kuma in kartush ya yanke maka a ƙauye, bututun yana ɗaukar giris tsiraru kusan rabin lita, sai dai a nemi wanda aka buɗe garwarsa a gabanka.

Wanda ya fara tunanin famfon giris ya sha wuya ne kafin ya yi shi. A birnin Shikago na Amurka, wajen 1916, wani matashi mai suna Arthur Gulborg aikinsa shi ne cika kofunan mai na injinan wata masana'anta, sau da yawa a yini, har ya gaji ya ƙirƙiro famfo da tiyo da ɗan kan da ake maƙalawa. Daga nan sunan kamfanin Alemite ya bazu. Ɗan nonon ƙarfen da muke gani a jikin tarakta kuwa da sunan Oscar Zerk ake kiransa a can, wanda ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1929. Kusan shekara ɗari ke nan siffar ba ta sauya wani abin kirki ba. Mu mutanen Damagaram ai bai kamata a koya mana girmama aikin ƙarfe ba, tunda a ƙarni na 19 maƙeran Sarki Tanimu a nan Birnin Damagaram suke zuba igwa da hannunsu.

Sai maganar baki da tiyo. Famfon yana karɓar ƙarfen baki miƙaƙƙe, yana kuma karɓar tiyon roba mai lanƙwasa, kuma shawarata a mallaki duka biyun. Nonon da ke ɓoye a gicciyen kardan ko a ƙarƙashin gatarin gaba, miƙaƙƙen ƙarfe ba ya isa gare shi sai an kwanta a ƙasa ana zage-zage. Da tiyo kuwa sai ka lallaɓa ka kama shi. Bakin kamun mai haƙora huɗu shi ne na nema, yana cafke nono ya riƙe gam, giris ba ya tsartuwa ta gefe. A kula da zare wajen sayen tiyo: na Turai galibi M10x1 ne, wasu kuma inci ɗaya bisa takwas, suna kama da juna a ido amma in ka tilasta ɗaya cikin ɗaya ka lalata kan famfonka. Akwai wani bakin na Amurka, LockNLube, mai ɗan maƙulli da ake dannawa da babban yatsa ya kulle kansa a kan nono. In ka haɗa shi da wannan famfo, to an gama magana, aure ya ɗauru.

Na san masu cewa zamani ya wuce nan, ga na batir irin su Milwaukee da DeWalt, masu matsin da ya kusa bar 700, ka danna kunama kawai giris ya yi ta zuba. Ban raina su ba, kaya ne masu kyau, kuma mai manyan motocin aikin hanya goma yana da hujjar sayensu. Amma ina za ka caja batir a gonar da ke bayan Dungas? Ko a cikin gari ma, wa ya manta da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar aka kuma rufe iyaka? Kayan gyaran da ke shigowa daga Kano ta Ɗan Barto da Magarya suka yi wuya, boris ya zama abin nema da fitila. A waɗannan watanni duk wanda ke ɗura giris a kan kari ya ci ribar haƙurinsa, kuma famfon hannu bai tambayi kowa wuta ba.

Famfo mai kyau ba ya gyara mugun giris. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011, tana ba mu gazuwal ɗin da tarakta ke sha, amma giris ɗin shagunanmu daga waje yake zuwa, kuma iri-iri ne. A duba jikin kartush a ga an rubuta NLGI 2, wato kaurinsa matsakaici, da lithium EP2, irin su Multis EP 2 na Total ko Gadus S2 V220 na Shell. Wannan yana jure zafi har wajen digiri 120, ba ya narkewa ya tsiyaye da rana tsaka. Baƙin giris ɗin nan mai sinadarin moli ya fi dacewa da fil-fil masu ɗaukar nauyi suna juyawa a hankali, ba boris mai gudu ba. Kuma a zauna a kan iri ɗaya, don wasu in sun gauraya tsinkewa suke yi su zama ruwa.

A jikin Massey Ferguson 375 ko 385, irin waɗanda suka cika yankin nan, wuraren sanannu ne: fil ɗin tsakiyar gatarin gaba, mahaɗun sitiyari, sandar feda, hannuwan ɗaga garma na baya. Littattafan masu ƙera tarakta galibi awa 50 suke cewa ga irin waɗannan wurare, kardan mai juyi 540 a minti kuma kowace awa 8 zuwa 10. Ni a ƙurarmu ban yarda da jiran awa 50 ba, kullum da safe kafin a tayar da inji ya fi mini. A goge nono da tsumma kafin a maƙala baki, in ba haka ba yashin da ke kansa shi zai fara shiga. A fil da bushi a yi ta dannawa har baƙin ya fito sabo ya leƙo. A boris mai robar rufi kuwa danni biyu ko uku sun isa, don ƙarfin famfon nan ya fi ƙarfin robar nesa ba kusa ba, zai fasa ta. Kada kuma wani ya kuskura ya gwada shi a tafin hannu ko yatsa. Giris yana huda fata ya shige ciki, ramin ɗan mitsitsi ne amma ɓarnar babba, kuma maganarsa ta asibiti ce a ranar, ba ta ɗaurin tsumma ba.

Aibinsa? Hannu biyu yake so, ɗaya a bututu ɗaya a mariƙi, don haka in bakin bai kama da kyau ba sai ka nemi yaro ya riƙe maka tiyo. Wani lokaci bayan sauya kartush iska takan tsaya a kai, ka yi ta dannawa ba abin da ke fita. Ka sassauta kan da juyi ɗaya ko biyu, ka tura sandar baya, ka danna har giris ya ɓullo, ka ɗaure. Ya kuma fi na jabu tsada, ba shakka, sai dai kuɗinsa bai kai na gyaran gatarin gaba sau ɗaya ba.

Nawa famfon ta hannun wani ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Kano ya zo, kuma yanzu ba tarakta kaɗai yake yi wa hidima ba. Tirela tana sha, injin sussukar gero yana sha, injin niƙa na unguwa ma maƙwabta suna aiko yaro a ara musu. In za ka saya, Malam, ka kwance kan a gaban mai shago ka duba zaren, ka ja sandar baya ka ji ƙarfin sifirin, ka ga sunan kamfanin a jikinsa. Ka haɗa da tiyo na ajiya da ɗan akwatin nonuwa masu zaren M6, M8 da M10, miƙaƙƙu da masu kwana, don wanda ya toshe ba a faɗa da shi, kwance shi ake yi a ɗaura sabo.