Shawara Uku a Ƙunshi Ɗaya: Ƙananan Manhajojin Intanet da Rumbunan Bayanai Iri-iri

Tun wajajen shekarar 2014 wani salon gina manhajojin intanet ya samu karɓuwa a wurin masu rubuta manhaja, musamman masu aiki da harshen Java. Salon yana da ginshiƙai uku. Na farko shi ne daddatsa babbar manhaja zuwa ƙananan manhajoji masu cin gashin kansu, waɗanda ake kira maikrosabis, kowace da aikinta guda. Na biyu shi ne rubuta kowace a tsarin da ba ya tsayawa jiran amsa, wanda ake kira riyaktif. Na uku shi ne ba kowace rumbun bayanai nata na kanta: wannan PostgreSQL, waccan MongoDB, wata Cassandra ko Redis. A darussa da tarukan masana akan gabatar da ukun tare, tamkar ba a ɗaukar ɗaya sai da sauran. Alhali kuwa shawarwari ne uku mabambanta, kowace da matsalar da ta haifar da ita. Wanda ya ɗauke su ba tare da ya gamu da matsalolin ba, wahalar kaɗai zai kwasa.

Asalin tsarin da ba ya jira

A tsohon tsari, duk buƙatar da ta iso ga sabar ana ware mata ma'aikaci guda a cikin kwamfuta, wanda ake kira zaren aiki. Zaren yana riƙe da buƙatar tun shigowarta har fitar amsarta. Sabar Tomcat, wadda manhajojin Java da yawa ke zaune a kanta, tana zuwa da iyakar zaruruwa 200 idan ba a sauya ba. Matsalar ita ce mafi yawan lokacin zare a zaman jira yake tafiya: ya aika tambaya ga rumbun bayanai ko ga wata manhaja, ya zauna sai amsa ta dawo. Idan duka 200 suna jira, buƙata ta 201 sai ta bi layi, ko da kuwa kwamfutar ba ta aikin komai.

A 1999 Dan Kegel ya yi wani rubutu da ya shahara a kan yadda sabar guda za ta riƙe mahaɗa dubu goma a lokaci ɗaya. Amsar da ta yi tasiri ita ce a rage yawan zaruruwa, a kuma hana su jira. Haka mai shayi yake yi: in ya ɗora ruwa a wuta ba ya tsayawa kallonsa, sai ya yanka wa wani burodi, ya soya wa wani ƙwai, ruwa na tafasa ya dawo kansa. Nginx da ya fito a 2004 da Node.js na 2009 duk a kan wannan dabara aka gina su.

A duniyar Java, kamfanin Netflix ya saki RxJava a 2013. A shekarar kuma aka fitar da takardar manufofin riyaktif, wadda Jonas Bonér da abokan aikinsa suka sabunta a 2014. Ƙa'idar Reactive Streams ta biyo baya a 2015, ita ce ta tsara yadda mai karɓar bayanai zai taka wa mai aikowa birki, ya faɗi adadin da zai iya ɗauka don kada a danne shi. Daga nan Spring 5, sigar wani tsarin gina manhajojin Java, ya zo da sashensa na riyaktif mai suna WebFlux a watan Satumba na 2017, salon ya shiga hannun ɗimbin masu rubuta manhajojin kamfanoni.

Akwai abin da masu tallan salon kan tsallake. Tsarin riyaktif ba ya sa buƙata guda ta yi sauri. Takardun Spring kansu sun faɗi haka. Tambayar da rumbu ke ɗaukar rabin daƙiƙa kafin ya amsa, rabin daƙiƙar za ta ɗauka ko ta wane tsari aka aika ta. Ribar tana wajen tsimin zaruruwa da ƙwaƙwalwar kwamfuta a lokacin da masu jira suka yi yawa ƙwarai. Inda ba a kai wannan yawa ba, ribar ba ta bayyana.

Yadda salon rubutu ya zaɓa wa mutane rumbu

Tsarin riyaktif yana da sharaɗi mai tsauri: kada wani sashe na hanyar ya tsaya jira. Zaruruwan da ke juya aikin kaɗan ne, yawanci daidai da yawan ƙwayoyin furosesa. Idan guda ya maƙale yana jiran rumbu, duk buƙatun da ke hannunsa sun maƙale tare da shi. Kuskuren ya yi yawa har aka ƙirƙiro wata manhaja mai suna BlockHound don kawai ta riƙa kama shi.

A nan ne rumbun bayanai ya shigo. JDBC, hanyar da Java ke magana da rumbunan SQL tun 1997, mai jira ce tun daga tushe. Saboda haka lokacin da WebFlux ya fito, rumbunan da Spring Data ya tanadar wa mahaɗi marar jira su ne MongoDB da Cassandra da Redis da Couchbase. Darussan farko yawanci da waɗannan aka rubuta su, masu koyo kuma suka ɗauka cewa riyaktif da rumbunan da ba na SQL ba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai a 2018 aka sanar da R2DBC, mahaɗi marar jira na rumbunan SQL, kuma siga ta 1.0 ta ƙa'idarsa ba ta fito ba sai 2022.

Sakamakon haka shi ne an juya al'amari a baibai. Siffar bayanai ce ya kamata ta zaɓi rumbu: shin suna da alaƙa da juna, shin kuɗi ne da ba su jure kuskure, shin rubutawa ta fi yawa ko karantawa. Zaɓen rumbu don kawai yana da mahaɗin da ya dace da salon rubutu kuskure ne mai tsada, domin ana iya sake rubuta manhaja cikin watanni, bayanai kuwa sukan zauna shekaru a inda aka fara zuba su.

Ko an samu mahaɗin ma, rumbu yana da iyakarsa. PostgreSQL yana zuwa da iyakar mahaɗa 100, HikariCP kuma, mai rabon mahaɗa da Spring Boot ke amfani da shi, da 10 yake farawa. Manhajar da ta karɓi buƙatu dubu goma lokaci guda, dole dukansu su bi ta wannan ƙaramar ƙofa. Layin bai gushe ba, ya tashi ne daga bakin sabar ya koma bakin rumbu.

Farashin rarraba bayanai

Martin Fowler ya yaɗa ra'ayin amfani da rumbuna iri-iri a manhaja guda a wani rubutu na 2011, sannan shi da Pramod Sadalage suka faɗaɗa shi a littafinsu na 2012. Hujjar tana da ƙarfi a inda ta dace. Cassandra, wanda Facebook ya saki a 2008, an gina shi don ɗaukar rubutu mai yawan gaske a kan kwamfutoci da ke warwatse a cibiyoyi daban-daban. Redis na 2009 yana ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ya sa ya dace da abin da ake yawan tambaya. Elasticsearch gwani ne wajen binciken kalmomi.

Abin da ake rasawa idan an raba bayanai shi ne tabbacin "ko duka ko babu". A kantin intanet, sayen kaya guda yana taɓa wurare uku: a rubuta oda, a rage adadin kayan da ke sito, a cire kuɗi. In duka a rumbun SQL ɗaya suke, rumbun da kansa yake tabbatar da cewa ko ukun su faru ko kada ɗaya ya faru. In oda tana MongoDB, sito yana Cassandra, kuɗi suna PostgreSQL, wannan tabbaci ya tafi. Ana iya cire kuɗi sannan a tarar kaya sun ƙare. Maganin da aka saba da shi shi ne dabarar saga, wadda Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka bayyana tun 1987: kowane mataki a rubuta masa matakin warwarewa, kamar mayar da kuɗi. Amma matakin warwarewar shi ma yana iya faɗuwa. Saƙo tsakanin manhajoji yana iya zuwa sau biyu, don haka dole kowace ta iya gane maimaici, in ba haka ba a ciri kuɗin mutum sau biyu. Aikin da ƙwararrun masu gina rumbu suka shafe shekaru suna gyarawa ya dawo kan mai rubuta manhajar kanti.

Rahoto ma ya zama aiki. Tambayar da layi biyar na SQL ke amsawa, kamar wane kaya aka fi saya a wata jiha a watan jiya, yanzu sai an tattaro bayanai daga wurare uku zuwa na huɗu.

Sai ɗawainiyar yau da kullum. Kowane rumbu yana buƙatar wanda ya san yadda ake adana kwafinsa, da dawo da shi idan ya lalace, da sabunta shi, da toshe ɓarakar tsaronsa, da tashi cikin dare in ya tsaya. Kowanne kuma yana da mai shi, mai shi yana iya sauya sharuɗɗa. MongoDB ya sauya lasisinsa a 2018, Elasticsearch a 2021, Redis a 2024, har masu amfani da shi suka ɓalle suka kafa Valkey. Ga kamfanin da ke samun kuɗin shiga da naira ko sefa alhali farashin hayar kwamfutoci yana bin dala, kowane ƙarin rumbu ƙarin nauyi ne da ake ji a ƙarshen wata.

A gefe guda, tazarar da ke tsakanin rumbunan ta ragu. PostgreSQL 9.4 na 2014 ya zo da JSONB, wanda ke ajiye bayanai marasa tsayayyar siffa irin waɗanda ake zuwa MongoDB dominsu. MongoDB 4.0 na 2018 kuma ya ƙaro tabbacin "ko duka ko babu" a kan takardu da yawa. Dalilin tara rumbuna a 2011 ya fi na yau ƙarfi.

Waɗanda salon ya karɓa

Netflix shi ne misalin da aka fi kawowa. A 2008 rumbun bayanansa ya lalace har ya kwana uku bai iya aika wa abokan ciniki faifan DVD ba. Daga nan ya fara ƙaura zuwa kwamfutocin haya na Amazon, aikin da bai kammala ba sai farkon 2016. Kamfani ne mai masu kallo miliyoyi da injiniyoyi masu ɗimbin yawa. A irin wannan girma, daddatsa manhaja yana warware matsalar mutane kafin ta na'ura: ƙungiyoyi da yawa ba sa iya aiki a kan manhaja guda ba tare da sun riƙa taka ƙafar juna ba. Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa tsarin manhaja yakan ɗauki siffar yadda masu gina ta ke sadarwa. Ƙungiyar mutum biyar da ke zaune a ɗaki guda ba ta da wannan matsala.

Akwai kuma waɗanda suka shiga suka fito. Kamfanin Segment ya bayyana a 2018 yadda ya mayar da ƙananan manhajoji sama da 140 zuwa guda ɗaya, bayan kula da su ya cinye lokacin injiniyoyinsa. A 2023 wata ƙungiya a Prime Video na Amazon ta ce ta rage kuɗin tafiyar da manhajarta ta duba ingancin bidiyo da kashi 90 cikin ɗari bayan ta haɗe sassanta wuri guda. Sashe ɗaya ne wannan, ba Prime Video baki ɗaya ba, amma darasin a fili yake. Shopify kuwa ya daɗe yana tafiyar da zuciyar kasuwancinsa a kan dunƙulalliyar manhaja mai tsararrun sassa. Fowler kansa ya ba da shawara a 2015 cewa a fara da dunƙulalliya.

Abin da Java 21 ya sauya

Rubutun riyaktif yana da wuyar karantawa da wuyar gyarawa. Aiki yana tsalle daga zare zuwa zare, saboda haka idan kuskure ya auku, rahoton da kwamfuta ke bayarwa ba ya nuna hanyar da aka biyo a sarari. An jure wannan ne saboda a Java babu wata hanya mai sauƙi ta tsimin zaruruwa. A watan Satumba na 2023 Java 21 ya zo da zaruruwa marasa nauyi, waɗanda ake iya buɗe dubban ɗaruruwansu. Idan ɗaya ya tsaya jira, Java yana sauke shi ya ɗora wani a gurbinsa. Mai rubutu yana rubuta layi bayan layi yadda ya saba, yana amfani da JDBC, kuma yana samun mafi yawan ribar da ake nema a riyaktif. Spring Boot 3.2 ya ba da damar kunna su da saiti guda. Harshen Go ya daɗe a kan irin wannan hanya.

Wannan bai kashe riyaktif ba, ya dai mayar da shi gurbinsa na asali: bayanai masu kwarara ba yankewa, mahaɗa masu daɗewa a buɗe kamar na hira kai tsaye, ƙofar shiga da ke rarraba buƙatu ga manhajoji da yawa, da duk inda ake buƙatar birki tsakanin mai aikowa da mai karɓa.

Tsarin da ya dace

Ya kamata a auna shawarwarin uku da wuyar janye su. Salon rubutu shi ne mafi sauƙin sauyawa, daddatsa manhaja yana biye, rarraba bayanai kuwa shi ne mafi wuyar komawa baya, don haka shi ya fi cancantar a jinkirta. Sabuwar manhaja ta fara a dunƙule, da iyakoki bayyanannu tsakanin sassanta, a kan rumbun SQL guda. A ƙara rumbu na biyu sai awo ya nuna wata tambaya takamaimai da na farko ya kasa ɗauka. A cire wani sashe ya zama mai cin gashin kansa sai an samu ƙungiyar da za ta riƙe shi dare da rana. A ɗauki riyaktif a sashen da kwarara ko yawan masu jira ya wajabta shi.

Daidai ruwa daidai tsaki. Duk mai kawo shawarar ɗaukar ɗaya daga cikin ukun, a nemi ya nuna alƙaluman manhajarsa da suka sa hakan ya zama dole. Idan hujjarsa ba ta wuce cewa Netflix ma haka yake yi ba, to ba ta isa ba.