"Ni" da "Kaina": Sharhi a kan Ra'ayin Hofstadter

Littafin Douglas Hofstadter mai suna I Am a Strange Loop ya fito a Amurka a 2007, inda ya faɗaɗa zancen da ya soma a Gödel, Escher, Bach tun 1979. A ganinsa, abin da mutum ke kira "ni" tsari ne na alamomi a cikin ƙwaƙwalwa, wanda ya bunƙasa har ya juyo yana nuni ga kansa. Madogararsa ita ce aikin Kurt Gödel na 1931, wanda ya nuna cewa ana iya gina jimlar lissafi da ke magana a kan kanta.

Ɗalibin harshe ba zai ji wannan baƙon abu ba. A 1958 Émile Benveniste ya bayyana cewa wakilin suna na mutum na farko ba shi da tsayayyen mai shi: duk wanda ya furta "ni", shi ne "ni" a wannan lokacin. Hausa ma ta ba mu misali mai kyau. A jimlar "na zargi kaina", aikau da karɓau mutum ɗaya ne, amma sai da harshe ya raba shi biyu, ya ari sunan gaɓar jiki, wato kai, kafin mai zargi ya sami wanda zai zarga. A nan hujjar Hofstadter tana da ƙarfi, domin mutum bai iya yi wa kansa hisabi sai ya mallaki wata alama da ke wakiltarsa.

Inda littafin ya yi rauni shi ne wajen tsallakawa daga nuni zuwa ji. A dubi jimlar "Wannan jimla ƙarya ce." Tana nuni ga kanta sarai, har ta ɗaure wa masana kai shekaru aru-aru, amma ba ta jin zafi ko kunya. Hofstadter ya san da wannan suka, ya amsa cewa sai alamomin sun yi yawa, sun sarƙu da juna. To, yawa nawa? Kuma me ya sa yawan zai haifar da raɗaɗin ciwon haƙori? Wannan ce tambayar da David Chalmers ya kira matsala mai wuya a 1995, kuma littafin ya kewaye ta ne kawai.

Maganar ba ta tsaya a aji ba. Matar Hofstadter, Carol, ta rasu a 1993, kuma ya yi iƙirarin cewa wani kwafi na "ni" ɗinta, ko da dishi-dishi ne, yana raye a ƙwaƙwalwarsa. Babin yana taɓa zuciya ƙwarai. Sai dai idan an bi Benveniste, mijin yana iya cewa "ita", yana iya ma cewa "ke", amma duk sa'ad da ya buɗe baki ya ce "ni", kalmar shi take nufi.