Likitan da ke yanke wa sankarar hanta abinci

Allah ya yi wa hanta baiwar da ba kowace gaɓa ke da ita ba: ta ƙofa biyu jini ke shigar mata. Kusan kashi uku cikin huɗu na zuwa ta jijiyar da ke kwaso jini daga hanji, ragowar kuma ta jijiyar da zuciya ke harbo wa jini. Shi kuwa ƙarin sankara, da ta biyun nan ya dogara. A nan likitoci suka gano lagonsa.

TACE ake kiran aikin toshe wannan jijiyar. Majinyaci na kwance idonsa biyu, wurin da za a huda kawai aka kashe masa. Likita, sanye da rigar dalma mai nauyi saboda hasken hoto, ya huda jijiya a matsematsi, ya zura bututu siriri kamar tsinken tsintsiya. Idonsa na kan allo, yatsunsa na murzawa a hankali, bututun na bin kwana-kwana har cikin hanta. Kowane mutum da irin rassan jijiyarsa, babu taswirar da za a haddace. Da ya isa reshen da ke ciyar da ƙarin, sai ya tura maganin sankara gauraye da man Lipiodol, ya toshe hanyar. Ga dafi, ga yunwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin inda za a tsaya. Hantar da ciwon hanta nau'in B ya daɗe yana ci ta riga ta jigata; in aka toshe fiye da kima, ita ce za ta fara faɗuwa kafin ƙarin. Shi ya sa gwani, in ya ga shawara ta hau ido ko ciki ya tara ruwa, yakan janye hannu, ya nemi wata hanyar.

Likita Ryusaku Yamada na Japan ya wallafa sakamakon wannan aikin a kan majinyatansa a 1983. A 2002 bincike biyu, a Barcelona da Hong Kong, suka tabbatar aikin na ƙara tsawon kwana, kuma yawancin majinyatan Hong Kong masu nau'in B ne, irin wanda ya yi katutu a ƙasar Hausa. Ba kasafai yake warkarwa ba, amma akan maimaita shi, ana haɗawa da tenofovir ko entecavir don danne ƙwayar cutar.

Sai dai gwanin nan na buƙatar hanta mai sauran ƙarfi. Mai karatu, in an taɓa ce maka kana da nau'in B, ka tambayi likitanka batun hoton hanta duk wata 6, ko da babu inda ke maka ciwo.