Me ya kori Sinuhe daga Masar?

Labarin Sinuhe ya kusa shekara 4000 a duniya. Bafaden sarki ne. Yana cikin rundunar yarima Senusret a wajen Libiya sai ya ji labarin mutuwar sarki Amenemhat na ɗaya. Jikinsa ya ɗauki rawa, ya arce zuwa ƙasar Sham. Can ya auri ƴar wani shugaban ƙabila, ya yi arziki, ya kayar da wani jarumi, sai da tsufa ya kama shi ya fara tsoron a binne shi a baƙon wuri. Sunan ma abin sha'awa ne ga mu ƴan ilimin harshe: ma'anarsa ɗan ɓaure, wasulan kuwa masana ne suka ƙiyasta, don rubutun Masarawa baƙaƙe kawai yake riƙewa.

To, me ya kore shi? Ba wanda ya zarge shi da komi. Shi kansa in an tambaye shi sai ya kwatanta gudun da mafarki, ko ya jingina shi ga ubangijinsu. Ni dai a nan nake ganin ƙarfin labarin.

Najib Mahfuz, a gajeren labarinsa na dawowar Sinuhe, ya cike wannan gurbin da soyayya: kishi a kan mace ne ya fitar da shi. Labarin da daɗi, amma wallahi ya rage masa nauyi. Mutumin da bai san abin da ya firgita shi ba ya koma saurayi mai ɓacin rai, irin wanda muka gaji da gani a fim.

Mika Waltari, ɗan ƙasar Finlan, wata hanya ya bi a 1945. Sunan ya ara da gudun hijirar, ya matsar da su wajen shekara 600 gaba zuwa zamanin Akhenaton, ya mayar da Sinuhe likita. Za ku ce ai wannan ya fi yi wa tarihi ɓarna. Haka ne. Sai dai bai amsa tambayar da tsohon marubucin ya bari a buɗe ba, tasa ya kawo: ya sarki mai wa'azin zaman lafiya zai jefa ƙasarsa cikin jini? Mutumin da ya rubuta wannan yaƙin duniya na biyu ne ya gama wucewa ta kansa, kuma kana jin haka a muryar likitan.