Shaidar Likita a Tallar Taba

A shekarar 1946 wani kamfanin taba na ƙasar Amurka, mai suna R. J. Reynolds, ya fito da wata talla wadda ta game jaridu da gidajen rediyo na ƙasar, aka yi shekaru ana ta maimaita ta. Tabar da a ke talla ita ce Camel, mai hoton raƙumi a jikin kwalinta. Akan zana likita cikin farar riga, dattijo mai kwarjini, da karan sigari a hannunsa. Sa'an nan a rubuta cewa an tambayi likitoci 113,597 irin tabar da su ke sha, aka tarar masu shan Camel sun fi na kowace iri yawa.

Wanda ya tsara wannan magana gwani ne, ba shakka, gama a cikinta bai ce taba tana da amfani ga jiki ba. Ya dai ajiye likita kusa da kwali, ya bar mai karatu ya ƙarasa da kansa: likita ya san lafiya, likita yana shan Camel, ashe Camel ba ta da lahani. To, nan gadar zaren ta ke. Da za a kai maganar gaban alƙali, ya sa a warware ta gaba gaba, da ba ta kai azahar ba.

Abin da aka tambayi likitocin shi ne wace iri su ke sha. Ba wanda ya ce musu, "Shin shan taba yana da kyau?" Likita kuwa ɗan Adam ne, yana iya sanin abu na cutarsa ya kasa bari, balle a zamanin da likitoci da yawa mashaya taba ne kamar sauran jama'a. Amsar da suka bayar shaida ce a kan abin da ke cikin aljihunsu kaɗai. Kuma an gwada Camel da 'yan'uwanta ne, ba a ko ambaci waɗanda ba su shan kome ba. Ai ko cikin macizai ba a rasa wanda ya fi saura kyaun zane.

Sai batun adadin nan, 113,597. Da an ce dubu ɗari da 'yan kai, mai karatu ya ɗan yi shakka. Amma bakwai ɗin nan na ƙarshe shi ke sa mutum ya ce lalle an zauna an ƙirga da gaskiya. Daga baya ya bayyana cewa a wuraren taron likitoci akan raba musu Camel kyauta, kāna a tambaye su wace taba su ke ɗauke da ita. Shaidan da mai ƙara ya cika wa aljihu a bakin zaure, alƙali ba ya karɓar maganarsa, ko da irinsa sun kai dubu ɗari. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun a 1930 masu Lucky Strike suka yi ta da likitoci 20,679.

Abin mamaki, ƙirga ce kuma ta tona asirin taba. A 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka buga abin da suka gano a asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, biyu tak ne ba su shan taba. Cikin maza 649 da ke kwance da waɗansu cututtuka dabam, an sami 27. Adadin nan ƙanƙane ne in an gwada shi da na talla, amma ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, domin an faɗi wa aka ƙirga, da yadda aka ƙirga, da kuma wa aka gwada shi da shi.

Duk da haka akwai abin cewa. Abu biyu su zo tare, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya ba, kamar yadda carar zakara ba ita ke kawo alfijir ba. Kamfanonin taba suka kama wannan igiya da hannu biyu. A watan Janairu na 1954 suka sayi shafi a ɗaruruwan jaridun Amurka, suna cewa ba a tabbatar da kome ba tukuna. Watau waɗanda jiya suka gamsu da amsar likitan da aka ba kyauta, yau su ne hujjar asibiti ba ta ishe su ba. Irin wannan mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, masu siyasa ma sun iya shi ƙwarai.

Doll da Hill ba su tsaya gardama ba. Tun a 1951 sun aika wa likitocin Ingila takarda suna tambayar ko suna shan taba, da yawan abin da su ke sha. Wajen dubu 40 suka amsa. Sa'an nan aka zuba ido, duk wanda ya rasu a rubuta cutar da ta yi ajalinsa. Aka ga sankarar huhu tana ƙaruwa daidai da yawan karan da mutum ke sha, wanda ya bari kuwa haɗarinsa yana raguwa. An bi likitocin nan shekara 50, har 2001, aka tarar wanda ya dawwama a kan taba yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa.

A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto cewa sigari na jawo sankarar huhu, daga 1971 kuma aka hana tallarta a rediyo da talabijin na ƙasar. Shi kansa Doll mashayin taba ne sa'ad da ya fara aikin. Ya jefar da ita tun bai gama ƙirgar farko ba, ya rasu a 2005 yana da shekara 92.