Levittown: Kamannin Bango da Kamannin Mazauna

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, miliyoyin sojojin Amurka suka koma gida, aka yi ta ɗaura aure, amma babu wurin ajiye amarya. Da yawa sai raɓewa suka yi a gidajen iyaye da surukai. Cikin wannan matsi ne kamfanin Levitt and Sons, na Abraham Levitt da 'ya'yansa William da Alfred, ya saye gonakin dankalin turawa a tsibirin Long Island, gabas da birnin New York. Tsakanin 1947 da 1951 suka tsayar da gidaje 17,447, unguwar da ake kira Levittown.

Asirin saurin nasu shi ne kasa aikin ginin gida kashi 27. Masu zuba daɓen kankare ba su san komai ba sai daɓe, kafintoci na biye da su, masu fenti na bayansu. A masana'antar mota, mota ce ke zuwa gaban ma'aikaci. A nan gida na tsaye, ma'aikata ne ke bin layi. Har sun kai ga kammala gida talatin a rana. Kowane gida na da ɗakin kwana biyu, falo, madafa, banɗaki, da wani sarari a ƙarƙashin rufi da aka bar wa mai gida ya ƙarasa. A 1949 ana sayar da gida dala 7,990, gwamnati kuma ta tsaya wa tsofaffin sojoji wajen rance. Arahar nan daga kamannin ta fito, domin taga iri ɗaya da ƙofa iri ɗaya ake sarowa dubu-dubu.

Masana ba su raga wa tsarin ba. Lewis Mumford, a littafinsa The City in History na 1961, ya ga cewa gidaje iri ɗaya a kan tituna iri ɗaya mutane masu tunani iri ɗaya za su haifar. Dokokin unguwar na wancan lokaci ma sun ƙara wa zarginsa ƙarfi: ba a yin shinge, dole a yanke ciyawa duk mako, ba a shanya wanki a waje ranakun hutun ƙarshen mako. Amma ina ganin Mumford daga nesa ya hango unguwar. Herbert Gans, wanda ya tare a wata Levittown da kamfanin ya gina a jihar New Jersey ya zauna da mutanenta kafin ya fitar da The Levittowners a 1967, ya tarar da maƙwabtaka mai rai. Su kuwa masu gidajen ba su zauna jiran kowa ba: wannan ya ɗora bene, wancan ya ƙara ɗaki, wani ya fitar da rumfar mota, har ta kai yau da wuya ka sami gidan da yake yadda Levitt ya bar shi. Duk wanda ya san gidajen Shagari da aka gina a jihohinmu farkon shekarun 1980 ya ga irin haka, inda wani ya ja katanga, wani ya fitar da zaure ko shago. Mai gida ba ya barin gida a kan zanen wani.

Kamannin da ya fi damuna a takarda aka rubuta shi. Yarjejeniyar zama ta farko ta hana duk wanda ba farar fata ba zama a gidajen, in ba ɗan aiki ba. Sojan da ya yi yaƙi ƙarƙashin tuta ɗaya da maƙwabcinsa, launin fatarsa ya rufe masa ƙofa. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Shelley da Kraemer, ta ce kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba. Aka cire shi daga takarda, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe. Da wasu baƙaƙen fata, William da Daisy Myers, suka sayi gida a wata Levittown da ke jihar Pennsylvania a watan Agustan 1957, daga hannun wani mai gida, taron jama'a ya yi kwanaki yana yi musu ihu da jifa. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a cinikin gidaje.

Gida kuwa gado ne. Waɗanda aka bari suka saya da araha sun bar wa 'ya'yansu dukiyar da ta ninka sau da yawa. Waɗanda aka kora a ƙofa ba su sami wannan rabo ba. A ƙidayar shekarar 2000, baƙaƙen fata a Levittown ta New York ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.